Labari Sai Alheri: Tsokaci a Kan Haƙƙin Labarin Gida

Gabatarwa

Duk Bahaushen da aka tambaya, "Ina labari?" ya san amsar da zai bayar tun kafin mai tambaya ya rufe baki, wato "Sai alheri." Ko da gobara ya baro a gida, ko kuwa daga maƙabarta yake dawowa, haka zai ce, sai zama ya yi zama sannan a shiga bayani. Mun tashi mun tarar da wannan al'ada, mun kuma koya wa 'ya'yanmu ita, ba tare da mun taɓa tsayawa mun tambayi kanmu inda iyakarta take ba. Abin da ya tilasta mana yin wannan tambaya kuwa shi ne wata 'yar ziyara ta ƙarshen mako da muka kai wa ɗanmu a Sabon Wuse, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja, a daminar 2024.

Tambayar da wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: idan ɗa ya girma ya kafa nasa gida nesa da iyayensa, wane haƙƙi ne ke kan kowane ɓangare na sanar da ɗayan halin da yake ciki? Ɓoye wa juna damuwa da sunan tausayi kuma, alheri ne ko kuwa tauye haƙƙi?

Ƙasar da 'ya'yanmu suka koma

Kafin mu shiga labarin ziyarar, ya kamata mai karatu ya san wurin, domin wurin yana da hannu a cikin maganar. Yankin Suleja da Tafa ƙasa ce da ta daɗe da sanin mutanen da suka baro gida. A farkon ƙarni na 19 ne Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yiwo kudu da jama'arsa, ya shigo ƙasar Gwari da Koro. A 1828 ƙanensa Abu Ja ya kafa garin da aka sa wa suna Abuja. Bayan gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya a 1976, sai tsohon garin ya bar wa sabon birnin sunansa, shi kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ita ma Sabon Wuse sunanta ya faɗi asalinta, domin matsuguni ne da aka yi wa mutanen da aikin gina birnin ya tasa daga tsohuwar Wuse.

Tun daga ranar 12 ga Disamba 1991 da gwamnati ta tare a Abuja, sai wani sabon ayarin ya biyo baya, wato na samari masu neman abin kai wa bakin salati daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato. Kuɗin hayar gida a cikin birnin ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, don haka sai su kama ɗaki a Madalla ko Suleja ko Gauraka ko Sabon Wuse, su yi sammako su wuce ta gindin Dutsen Zuma zuwa wurin aiki, su dawo bayan magariba. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Tafa mutum 83,544, kuma duk wanda ya bi hanyar a 'yan shekarun nan ya ga yadda gine-gine suka cinye gonaki.

Wannan ƙaura ta juya akalar ziyara. A da, ɗa ke zuwa gaishe da mahaifinsa kowace safiya, domin sashensa yana cikin gida ɗaya da na uban, gandu ɗaya suke noma, rumbu ɗaya suke ci. Babu wani labari da za a kawo, tunda komai a gaban idon kowa yake faruwa. Yanzu kuwa ɗa ba ya samun hutu sai da Salla, saboda haka uba da uwa ne ke shiga mota su je su gan shi.

Ziyarar

Wanda muka je wa ɗan fari ne, don haka mai karatu zai yi mana uzuri idan ba mu kama sunansa ba. Mahaifiyarsa ma "yayansu" take ce masa har gobe. Yana aiki da wani kamfani mai zaman kansa a Abuja, ya yi aure, an kuma haifa masa 'ya mace. Duk Juma'a yakan bugo waya, a gaisa, a tambayi gida da aiki da mai jego da jaririya, amsa kuwa ɗaya ce daga ɓangarorin biyu: lafiya lau, alhamdu lillahi.

Mun taso daga Zariya da sassafen Asabar, muka ratsa Kaduna, muka bi ta Rijana da Katari da Jere, hanyar da ta yi ƙaurin suna wajen satar mutane a shekarun baya, har kowane fasinja yakan yi shiru da carbi a hannu idan an zo wasu wurare. Muka wuce zangon manyan motoci na garin Tafa, muka sauka Sabon Wuse kafin azahar. Yaron ya tare mu a bakin titi, ya durƙusa ya ce, "Baba, sannunku da hanya. Umma, kun sha rana." Surukarmu ta kawo ruwa da fura, ta gaishe mu kanta a sunkuye. Aka miƙo mana jaririya muka yi mata wasan kaka da jika, muka ce wannan amarya ba ta iya ko tarbar ango ba. Aka yanka kaza. Mu dai a wurinmu komai daidai yake, har muna yaba wa yaron a zuci.

Uwargida ce ta ga abin da ba mu gani ba. Ta lura babu babur a tsakar gida, alhali ga alamar baƙin mai a inda ake jingine shi. Ta lura buhun shinkafa ya koma mudu a leda. Amma ba ta tambayi kowa komai ba. Sai ta bi surukarta madafa, ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta kama gyaran alayyafo, ta shiga ba ta labaran gida ɗaya bayan ɗaya: akuyar nan mai ɓarna ta haifi biyu, rijiyar maƙwabta ta rufta da ruwan farko, autanmu ya faɗi jarabawar lissafi ya ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa, kwanon tumatir ya yi tsadar da an koma miyar kuka. Suna dariya, har ta kai ga cewa, "Ai Malam ma da ya kwanta asibiti kwana shida, tuwon asibitin ne ya fi ciwon damunsa."

Yarinyar ta saki ludayi ta ce, "Umma, Baba ya kwanta asibiti? Yaushe?"

A nan ne asiri ya tonu ta fuska biyu. Watanni huɗu kafin wannan rana hawan jini ya kwantar da mu, muka kuma hana ƙannensa su gaya masa, don kada ya bar aiki ya kamo hanya mai hatsari. Ita kuma yarinyar da ta ji haka sai hawaye, ta ce ai shi ma wata uku ke nan da kamfanin ya rage ma'aikata har da shi. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin zuwa aiki ke cinye rabin albashinsa, daga baya aikin ma ya tafi. Ya sayar da babur ya biya haya, yanzu yana yi wa wani mai shagon kayan gini lissafi a kasuwa. Kazar da muka ci ma bashi ce. Ya kuma roƙe ta kada ta faɗa, wai kada hankalin Baba ya tashi.

Bayan sallar isha'i muka zauna da shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Muka ce, "Kai, me ya sa ba ka gaya mana ba?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Baba, ku ma ai ba ku gaya mini ba." Ba mu da amsa, domin gaskiya ya faɗa.

Hujjar masu ɓoyewa

Adalci ne mu fara da kare abin da mu biyun muka aikata, domin ba daga mugun nufi ya fito ba. A laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya jero ɗabi'un da Hausawa ke auna nagarta da su, daga ciki akwai gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci. Mai ɓoye damuwarsa yana riƙe da uku daga cikinsu. Yana haƙuri, tunda bai ɗora wa wani kayansa ba. Yana jin kunya, tunda ɗa mai kunya ba ya son ya koma wa uba da hannu a buɗe bayan an gama ɗawainiyar karatunsa. Yana kuma kare mutunci, wato abin da muke kira rufin asiri, wanda shi ne addu'ar da Bahaushe ya fi yawaita wa kansa da zuriyarsa. Ai cewa aka yi ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bugu da ƙari, ita kanta "lafiya lau" ba za a kira ta ƙarya ba. Tun a 1923 masanin al'adun nan Malinowski ya nuna cewa akwai maganar da ba don isar da bayani ake yin ta ba, aikinta kawai ƙulla mutane da juna, gaisuwa kuwa ita ce babban misalinta. Mai cewa "sai alheri" bai ɗauki alkawarin ba da rahoto ba, mai tambayar ma bai sa ran rahoto ba. Fata ce da godiya ga Allah, kuma kowa ya san haka. Don haka ko Kant, masanin falsafar nan na Jamus wanda a wata maƙalarsa ta 1797 ya hana ƙarya ko da ga mai neman ran abokinka, ba zai sami abin kamawa a gaisuwarmu ba, domin ba a yaudari kowa ba.

Inda hujjar ta gaza

Sai dai fa gaisuwa zaure ce, cikin gida yana gaba. Al'adar da ta koya mana "sai alheri" ita ce kuma ta koya mana cewa bayan gaisuwa akan gyara zama a ce, "To, dama abin da ke tafe da ni..." Laifinmu da ɗanmu shi ne mun yi wata da watanni muna tsayawa a zaure, kowa yana sane da cewa ɗayan zai ɗauka babu komai a ciki. Kalmomin gaskiya ne, amma shirun da ya biyo bayansu an shirya shi ne don a haifar da zato marar tushe. A nan yaudara ta shigo, ko da harshe bai furta ƙarya ba.

Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya kafa wani ma'auni mai amfani a nan. A wurinsa magana hanya ce ta kaiwa ga manufa, kuma duk kyakkyawar manufar da za a iya cim ma ta hanyar gaskiya, ba a yarda a bi ta hanyar ƙarya ba. To, manufarmu ita ce kada hankalin juna ya tashi. Shin babu yadda za a cim ma wannan da gaskiya? Akwai. Da mun ce, "An ɗan kwantar da mu, amma da sauƙi, kada ka taso," da mun huta. Da ya ce, "Aiki ya tsaya, amma ina ɗan taɓa wani abu," da ya huta. Hausa ba ta rasa lafazin sassauta labari ba. Harshen da ke cewa "jiki ya yi nauyi" ko "an ɗan taɓa shi" ya tanadi hanyar faɗin abu mai ɗaci ba tare da an firgita mai ji ba.

Abu na biyu, mai ɓoyewa yana yanke hukunci a madadin wani ba da izininsa ba. Da muka hana a gaya wa yaron ciwonmu, mun ɗauke shi har yanzu yaro ne da ba zai iya auna hatsarin hanya da kansa ba, alhali magidanci ne mai iyali. Mun kuma hana shi abin da yake haƙƙinsa ne, wato ya yi wa mahaifinsa addu'a a lokacin da ake bukatarta. Da ciwon ya zama ajali, da mun bar masa nadamar da ba shi ya jawo ta ba, ya riƙa tuna cewa ranar da ubansa ke kwance shi yana can yana dariya a waya. Shi ma da ya ɓoye mana, ya ɗauke mu tsofaffin da ba za su iya ɗaukar labari ba, ya kuma sa muka ci kazar bashi muna santi. Ya bar yarinya ƙarama da nauyin sirrin da ya raba ta da sakewa a gaban surukanta. Tausayin da ke mayar da ɗan'uwanka rarrauna a idonka, akwai ɗan raini a cikinsa, ko mai yin sa bai sani ba.

Darajar ƙaramin labari

Abin da ya fi tsaya mana a rai daga wannan ziyara shi ne hanyar da gaskiya ta bi ta fito. Tambaya ba ta fito da ita ba, domin mun yi wata uku muna tambaya a waya. Labarin akuya da rijiya da takardar auta ne ya share mata hanya. Mu malamai mun saba raina irin wannan hira, mu kira ta surutun mata, mu ɗauka labari shi ne abin da rediyo ya faɗa. Amma mai nazarin adabi ya kamata ya fi kowa sanin darajarta. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, yawancinsa labarin gida ne: wa ya auri wa, wa aka ba riƙon wa, wace kishiya ta yi yaji, me aka dafa ran suna. Yau masana na komawa gare shi don sanin rayuwar da littattafan sarauta da yaƙi ba su kula da ita ba.

Za mu iya kasa labarin iyali gida biyu. Akwai babban labari, wato haihuwa da aure da mutuwa, wanda ake sanar da kowa, har da wanda aka yi shekara goma ba a gani ba. Akwai kuma ƙaramin labari, wanda ba a ba kowa sai na jiki, domin bare ba zai ga dalilin jin sa ba. Saboda haka ƙaramin labari shi ne ma'aunin kusanci. Duk ranar da ɗa ya wayi gari ba ya jin komai daga gidansu sai sanarwar suna da ta rasuwa, to ya zama baƙo, ko da kullum ana gaisawa. Mai ba ka labarin akuyarsa yana gaya maka ne cewa har yanzu kai ɗan gida ne. Kuma bakin da ya saba faɗin ƙanana shi ke iya faɗin manya idan sun zo, kamar yadda turbar da ake bi kullum ba ta yin ciyawa.

A nan ne ya kamata mu duba abin da wayar hannu ta yi mana tun zuwanta Nijeriya a 2001. Kafin ta, wasiƙa ake ba direba, ko a ɗauki murya a kaset, ko a aika gaisuwa ta shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Wasiƙar takan yi wata ba ta zo ba, amma idan ta zo, bayan gaisuwa mai yawa akan cika takarda da labarin kowa da komai, har da na jaki. Waya ta yawaita gaisuwa, ta kuma gajarta hira, domin ana magana ana tunanin kati. Ga shi kuma ba ta nuna inda babur yake jingine a da. Shi ya sa har yanzu maganar magabata ke nan daram, cewa zumunci a ƙafa yake, kuma labarin zuciya a tambayi fuska.

Haƙƙin da ke kan mai sauraro

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi abin da ya fi yi mana nauyin faɗa. A daren nan mun tambayi kanmu dalilin da ya sa yaron ya ga ɓoyewa ta fi masa sauƙi, sai muka tuna yadda muka saba karɓar labarinsa tun yana ƙarami. In ya ce ya faɗi jarabawa, sai faɗa. In ya ce ya yi asara, sai mu ce ai mun gaya maka. Uban da ke mayar da kowane labari shari'a, shi da kansa yake koya wa ɗansa cewa "lafiya lau" ta fi aminci. Autanmu da ya tura takarda ƙarƙashin katifa ya fara koyon darasin ke nan. Ashe haƙƙin jin labari yana tafe da sharaɗi, wato iya sauraro ba tare da gaggawar hukunci ba.

Haka kuma haƙƙin yana da iyaka. A gidan ɗanmu mu baƙi ne, da sallama muka shiga, kuma akwai abin da ke tsakaninsa da matarsa wanda ba namu ba ne. Uwar da ta mayar da ziyara bincike, tana buɗe tukwane tana ƙirga zannuwa, ita ma tana rushe abin da ta zo ginawa. Abin da muke ganin ya wajaba a faɗa shi ne duk abin da ɗayan zai yi baƙin cikin jin sa daga bakin wani, ko jin sa bayan lokaci ya ƙure, kamar ciwo mai kwantarwa, da rasa hanyar abinci, da bashin da ke hana barci. Abin da ya wuce wannan kyauta ce, in an bayar a gode, in an riƙe a yi uzuri.

Kammalawa

Mun ga cewa "sai alheri" ba ta da laifi muddin an ɗauke ta a matsayin mabuɗin hira, kuma laifin yana ga wanda ya mayar da ita makulli. Mun ga cewa ɓoye damuwa da sunan tausayi yakan tauye wa ɗan'uwa haƙƙinsa na addu'a da taimako da yanke wa kansa shawara. Mun kuma ga cewa ƙananan labaran gida, waɗanda muke rainawa, su ke riƙe da ƙofar a buɗe.

Da safiyar Lahadi yaron ya rako mu bakin titi. Ba mu da wani abin kirki da za mu ba shi, sai ɗan abin da ya rage na guzuri, da sunan wani tsohon abokin karatunmu da zai je ya gani a Suleja. Shi kuma ya karɓi takardar maganinmu ya karanta, ya ce zai riƙa tambaya ko muna sha a kan lokaci. Juma'ar da ta biyo baya ya bugo waya kamar kullum. Bayan an gama lafiya lau, sai ya ce, "Baba, jaririya ta fara haƙori, jiya ba mu runtsa ba. Kuma mai shagon bai biya ni na wannan mako ba tukuna." Mu kuma muka gaya masa cewa ɗaya daga cikin 'ya'yan akuyar ya mutu, kuma likita ya ƙara mana ƙwaya ɗaya. Muka yi kusan rabin sa'a muna hira. Allah ya ƙara mana zumunci, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.